Babi Na Biyar: Daga Tudun Bayan Gari Zuwa Kan Dala

Anya ya dace a kai yaro ɗan shekara huɗu hawan dutse? Mu da muke zaune a ƙasar rairayi ma, ina muka ga dutsen da za a hau? Waɗannan tambayoyi biyu su ne iyaye suka fi yi mini duk lokacin da maganar fita da yara ta taso, musamman a Dungu da ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye. Tambayoyi ne na hankali. Uwa tana tsoron kada ɗanta ya faɗi. Uba kuma yana duba gabas da yamma, ba abin da yake gani sai gonakin hatsi da gawo.

Amsar tambaya ta farko ita ce e, ya dace, in an zaɓi wuri da lokaci. Amsar ta biyu kuwa tana bayan garinku, kuna wuce ta kullum a hanyar gona. Bari mu bi su sannu a hankali, kamar yadda za mu bi tudun shi kansa.

Da ƙafar yaro ake auna dutse

In aka ce dutse, hankalin babba sai ya tafi wurare masu nisa. Ya tuna Bagzan da ke Abzin, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Ko ya tuna Kilimanjaro na Tanzaniya da ya gani a talabijin, mai mita 5,895, da ƙanƙara a kansa. Daga nan sai ya yanke cewa hawan dutse aikin Turawa ne masu manyan jakunkuna da igiyoyi.

Yaro ba haka yake gani ba. Ɗan shekara huɗu tsawonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Dutsen da ya tsaya wa babba a ƙugu, shi a ka yake tsaya masa. Taku ɗaya na uba taku biyu ne na ɗa, wani lokaci uku. Saboda haka tudun da uba zai haye bai ko sauya numfashi ba, a wurin yaron babban aiki ne, kuma in ya kai sama daɗin da zai ji bai gaza na wanda ya hau Bagzan ba.

Wannan shi ne ginshiƙin babin nan gaba ɗaya. Kada ka auna tafiya da ƙarfinka, auna ta da ƙarfin ƙaramin da ke cikinku. In ya dawo gida lafiya, yana ba Kaka labari, yana tambayar yaushe za a koma, to tafiya ta yi kyau ko da ba a kai ƙololuwa ba. In kuwa an kai sama amma an dawo da shi yana kuka, ƙafa duk ƙaya, an yi asarar ranar, wataƙila har da ranakun gaba.

Me ake samu a sama?

Wani zai ce yaran ƙauye ai ba su rasa motsa jiki ba, suna kiwo, suna ɗebo ruwa, suna zuwa lakwal a ƙasa. Gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 yana motsi a kowace rana, kuma yaran Dungu da yawa suna wuce wannan ba tare da kowa ya lissafa musu ba. Yaran birni ne, waɗanda suka saba da zaman ɗaki da wayar hannu, suka fi bukatar a tuna wa iyayensu.

Amma akwai abin da hawa ke bayarwa wanda kiwo da ɗebo ruwa ba su bayarwa, wato hange. Duniya a dunƙule take, shi ya sa a fili mai shimfiɗa ido ke da iyaka. Yaron da idonsa ke mita ɗaya daga ƙasa, ko babu itace ko ɗaya a gabansa, ganinsa ba zai wuce kilomita 3 da rabi ba. Babba a tsaye yana kaiwa kusan kilomita 5. To hau tudu mai mita 20, sai ganinka ya kai kimanin kilomita 16. Mita 50 tana kai ka kilomita 25. Dubi yadda ɗan hawa kaɗan yake buɗe ƙasa mai yawa.

A ranar da yaro ya fara tsayawa a sama ya hango garinsu gaba ɗaya, wani abu yana canzawa a kansa. Da can ya san gidansu, ya san masallaci, ya san rijiya, amma kowanne daban. Yanzu ya gan su a haɗe, ya ga hanyar da ta bi tsakaninsu, ya ga inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Taswirar da malami zai zana masa a allo bayan shekara biyu ko uku, ya riga ya gan ta da idonsa. Na tuna ranar da na hau da 'yata wani tudu, tana da shekara biyar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ja mini riga ta ce, "Baba, ashe gidanmu ƙarami ne haka?" Na ce mata, "Duk gidaje haka suke in an hango su daga sama." Ta sake dubawa ta ce, "To nuna mini na Kaka." Mun fi rabin awa muna neman gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Matakin farko: tudun bayan gari

Ƙasar Dungu, kamar sauran yankin Kance da Matamaye, ƙasa ce ta jigawa da kwari. Tudun rairayi ya tashi a hankali, ya sauka cikin fadama inda ruwa ke kusa, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu, sannan wani tudun ya sake tashi. Waɗannan tuddai su ne makarantar farko ta ƙaramin mahayi.

Rairayi yana da kirki ga yaro. In ya faɗi, sai ya tashi ya kakkaɓe. Amma yana da wuyar taka, domin ƙafa tana nutsewa, kuma duk taku uku sai ka ji kamar an mayar da kai ɗaya baya. Don haka kada a raina shi. Tafiyar kilomita ɗaya zuwa da ɗaya dawowa ta ishi ɗan shekara uku ko huɗu a karon farko. A bi turbar da makiyaya da manoma suka riga suka taka, a nufi wata alama da yaro zai iya gani tun daga ƙasa: wata kuka, ko wani babban gawo. Yaro yana son ya ga inda za shi. "Mu je can gindin kukar" ya fi masa ma'ana nesa ba kusa ba a kan "saura kaɗan."

In kun kai sama, ku zauna ku duba gawon da ya cika gonaki. Wannan darasi ne da ba kowace ƙasa ke da shi ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, bayan fari mai tsanani, manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu, suka riƙa zaɓar mai ƙarfi suna gyara shi har ya zama itace. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa a miliyoyin hektoci a jihohin Damagaram da Maraɗi, har masana daga ƙasashe masu nisa suke zuwa kallo. Ka tambayi yaro me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, alhali sauran itatuwa akasin haka suke yi. Ka bar shi ya yi ta tunani. Daga baya ka nuna masa cewa saboda wannan hali ne hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa: ba ya tare masa rana lokacin da yake bukatarta, kuma ganyen da ya zubar taki ne.

Tudun bayan gari ba ya cin ko dala. Ana iya zuwa kowane mako, har ƙafa ta saba.

Mataki na biyu: duwatsun Damagaram

In yara sun saba da rairayi, lokaci ya yi da za su taɓa dutse na gaske. Daga Matamaye zuwa Damagaram ta hanyar Takeita bai kai kilomita 100 ba, kuma iyalai da yawa suna zuwa dama, don asibiti, ko biki, ko gaida dangi. Abin da ya rage shi ne a ware safiya ɗaya.

Duk wanda ya shiga unguwar Birni ya san yadda gidajen ƙasa suka jingina da manyan duwatsu masu santsi, wasu a kan wasu kamar an jera su da hannu. Yara kan tambayi wanda ya ɗora su. Amsar tana da daɗin bayarwa. Wannan dutse ya daskare ne a can cikin ƙasa, ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. Ya tsattsage, ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin gefe da kusurwa, domin kusurwa ta fi saurin cinyewa, kamar yadda sabulu mai kusurwa huɗu yake zama mulmulalle in an daɗe ana wanka da shi. Da ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ta rufe su, sai mulmulallun suka bayyana a inda suke tun asali. Har yanzu zafin rana da sanyin dare suna ɓare bayansu falle-falle kamar ɓawon albasa, kuma irin wannan ɓawon ne mai hawa zai kula da shi, don yakan zame a ƙarƙashin ƙafa.

Ga ƙananan yara, a nemi fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai gangara kaɗan, wanda babba zai iya hawa a tsaye ba tare da ya dafa da hannu ba. Wannan ita ce ƙa'ida mafi sauƙin riƙewa: in hawan yana bukatar hannunka biyu, to da wane hannu za ka riƙe ɗanka? A bar manyan mulmulallun ga samari.

Daga sama kuma tarihi ne a shimfiɗe. A nuna wa yara inda fadar Sarkin Damagaram take, a ba su labarin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birnin da ganuwa, ya ƙarfafa daular har sunanta ya kai Tarabulus, ya rasu a 1884. A nuna musu Zango, inda fataken Abzin suke sauke raƙumansu. A gaya musu cewa Faransawa sun kama garin a 1899, kuma nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Yaro ba zai riƙe shekarun ba a ranar, amma zai riƙe cewa garin nan ya taɓa zama kan ƙasa, kuma shi ya gan shi daga sama. Abu ɗaya dai: duk wurin da yake na sojoji, ko mai shinge, a nisance shi, kada ma a ɗaga waya a wajen.

Mataki na uku: Dala

Mutanen Matamaye ba baƙin Kano ba ne. Hanyar Ɗan Barto ta bi ta Daura da Kazaure ta faɗa birnin, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan'uwa a can. In zumunci ya kai ku, ku tuna karin maganar nan, hangen Dala ba shiga birni ba. Yara da yawa sun ji ta ba su taɓa ganin Dalar ba.

Ana rubuta tsawon Dala mita 534, amma wannan daga bakin teku ake lissafa shi. Daga titin da ke gindinsa zuwa sama bai kai mita 100 ba, kuma an yi masa matakala, taki ɗari da ɗan kai. Yaro ɗan shekara biyar da ya saba da tudun garinsu zai hau shi, yana ƙirga matakalar, ana tsayawa hutu sau biyu ko uku. Dala ba irin dutsen Damagaram ba ne. Marmara ce ja, mai tama a ciki, kuma masu binciken tarihi sun gano cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a wurin. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe da mutanensa a nan, kafin zuwan Bagauda. A 1851 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin daga sama. Shi ne kuma ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Ke nan yaron da ya hau duwatsun Birni ya kuma hau Dala, ya tsaya a garuruwa biyun da wannan matafiyi ya sha wuya kafin ya kai.

A saman Dala fili ne, ana hango Goron Dutse da tsohon birni ta kowane gefe. Sai dai marmara tana da tsakuwa mai mirginawa, bakin kuma yana da zurfi. Yaro ƙarami ya kasance a hannun babba tun daga hawa har sauka.

Akwai wasu duwatsu masu suna a ƙasar Hausa: Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu na mutanen da. Wasu sun fi ƙarfin ƙananan yara, wasu kuma hanyarsu ba ta da kwanciyar hankali a wannan zamani. Kada sha'awar gani ta sa a kai yara inda mutanen wurin da kansu suke ɗari-ɗari.

Yaushe ake fita?

A ƙasarmu rana ta fi dutse haɗari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. An cire amfanin gona, ba wanda zai ce an taka masa shuka, iska kuma tana da sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura, domin ba abin da za a hango, kuma ƙura tana tayar da tari da asma.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana wuce digiri 40, dutse kuma yana ɗaukar zafin ya riƙe, har ya iya ƙona tafin yaro. Da damina fa yana santsi in ya jiƙe, kuma wuri mai tsawo shi tsawa ta fi faɗa wa. In kuna sama kuka ga hadari ya haɗo daga gabas, ko kuka ji rugugi ko da daga nesa ne, ku sauka nan take, kada kuma ku fake a gindin itacen da yake tsaye shi kaɗai.

A cikin yini, a fita bayan an karya kumallo da sassafe, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ko kuma a fita bayan la'asar, a tabbata an sauko kafin magariba.

Yaya ake sanin tsawon lokacin da tafiya za ta ci? Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo lissafi a 1892 wanda har yau ake amfani da shi: babba mai lafiya yana cin kilomita 5 a awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Mu gwada. Kilomita 2 zuwa da dawowa minti 24 ke nan, hawan mita 60 ya ƙara minti 6, jimla rabin awa. Da yaro ɗan shekara huɗu, ninka wannan sau biyu ko uku, domin zai tsaya kallon tururuwa, zai tsinci tsakuwa, zai ce a cire masa ƙaya. Wanda ya taɓa yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya san yadda kilomita 3 take a jiki. Kada tafiyar ƙaramin yaro ta kai haka sai ya saba sosai.

Ruwa, guzuri da takalmi

Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi da saurin bushewa, kuma in wasa ya yi daɗi ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Ba a jiran ya roƙa. Duk inda aka tsaya a miƙa masa ruwa. A ɗauki fiye da abin da ake zaton za a sha, a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma don ta yi sanyi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, sai dai uwar ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba shi.

In yaro ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ya daina surutu, ko ya ce kansa na ciwo, tafiya ta ƙare. A kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara amai, ko hankalinsa ya fara gushewa, a nufi likita ba tare da jinkiri ba.

Guzuri ba ya bukatar kanti. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen rogo, fura a gora, da rake da aka fere aka yanka gaɓa-gaɓa, duk suna ba da ƙarfi. Ga 'yan ƙasa da shekara huɗu a guji ba su ƙwayar gyaɗa ko aya suna tafe, don gudun shaƙewa, a cire musu ƙwallon dabino. A ajiye abin da ya fi daɗi sai an kai sama.

Takalmi kuwa, silifa ba ta hawa dutse. Tana zamewa, tana tsinkewa, tsidau yana huda ta. A sa wa yaro takalmi mai rufe ƙafa ko mai maɗauri ta baya, wanda ya riga ya saba da shi. Sabon takalmin salla yakan sa ƙafa ta yi bororo a ranar farko. Dogon wando yana rage wahalar ƙarangiya, malfa tana tare rana. In yaro yana son ya ɗauki kaya, a ba shi 'yar gorarsa, domin ɗaukar wani abu yana sa shi jin cewa shi ma matafiyi ne.

Yadda ake tafiya tare

Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Mafi ƙanƙanta shi ke yanke saurin tafiya. Sannu ba ta hana zuwa. A wurin hawa, babba ya kasance a ƙasan yaro, a wurin sauka ma ya kasance a ƙasansa, domin in ya zame jikin babba ne zai tare shi.

Saukowa ta fi hawa yawan faɗuwa. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida, gangara kuma tana kiran yaro da gudu. Tun kafin a tashi daga sama a yi magana: ba gudu, ba tsere. Inda ya yi tsaye, a zauna a sauka da gindi. Wando ya yi datti ya fi a fasa goshi.

Mai goyo ta ɗaure zani da majanyi sosai, ta bar hannuwanta biyu ba kaya, kada ta ɗora komai a ka. Nauyin goyo yana ja baya a wurin hawa, yana tura gaba a wurin sauka, don haka iyakarta tudun rairayi da fa mai sauƙi. Kuma kada a ɗora wa Yaya 'yar shekara takwas goyon ƙaninta a kan dutse, ko da ta saba goya shi a gida. Maigida, ɗaukar wanda ya gaji aikinka ne, amma in an zo wuri mai santsi ka sauke shi daga wuya ka riƙe hannunsa.

Dutse yana da masu shi

Kogo da tsagar dutse gidan wasu ne. Ƙadangare da hasbiya abin kallo ne, amma akwai maciji, akwai kunama, akwai zuma. Dokoki uku sun isa, kuma yaro zai iya haddace su: kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba, kada ka ɗaga dutse, kada ka jefi rami ko amya.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire masa duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa, domin a can ne maganin dafi yake. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa, kuma yaro yakan yi kamar lafiyarsa lau a sa'o'in farko. Harbin kunama ma, wanda babba zai daure, ga ƙaramin yaro abin kai wa likita ne.

Akwai kuma masu dutse na biyu, wato mutanen da ke zaune a gindinsa. Wasu duwatsun suna da maƙabarta a kusa, wasu suna da tarihin da mutanen wurin ke girmamawa, wasu ana fasa su don gini. Baƙo ya fara da sallama. A tsaya wurin mai unguwa ko dattijon da ke zaune a inuwa a ce, "Baba, mun zo da yara ne su ga gari daga sama, ta ina ya fi sauƙi?" Sau da yawa zai ce, "Ku bi ta bayan masallaci, ku kauce wa wajen can, akwai zuma," ya kuma haɗa ku da yaron da zai yi muku jagora. Yaranku suna kallo, kuma wannan gaisuwa tana cikin abin da suka je koyo. In za a sauko a tattara leda da ɓawon rake, a bar wurin yadda aka same shi.

Abin da ake dawowa da shi

Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya fara da tudun bayan Dungu yana ɗan shekara huɗu, ya taka fa a Damagaram yana ɗan biyar, ya ƙirga matakalar Dala yana ɗan shida, ya koyi abubuwan da ba a faɗa masa da baki ba. Ya san gajiya tana wucewa in an zauna an sha ruwa. Ya san ana jiran na baya. Ya san garinsu ɗigo ne a cikin ƙasa mai faɗi, amma ya san daidai inda ɗigon yake. In wata rana ƙafarsa ta kai shi Bagzan, daga wancan tudun rairayi ta faro.

Daga kan tudun, abin da ya fi jan idon yara shi ne koren da ke ƙasa: fadamar rake, goriba da giginya, da ƙyallin ruwa a tsakaninsu. Ko ba ka ce komai ba, ɗayansu zai nuna da yatsa ya ce, "Inna, gobe mu je can." To can ɗin za mu a babi na gaba. Za mu sauka cikin korama, mu ga abin da yaro zai koya a bakin tafki da rijiyar lambu, da yadda iyaye za su tsare shi daga ruwan da ya fi dutse kama da abin wasa.